Ra'ayinmu: Ɗan ƙwadagon Gidimuni da sinimar da ta manta da shi

Duk wanda ya bi kwalta daga Damagaram ya nufi Gure a lokacin sanyi, in ya iso Gidimuni sai ya rage gudu ko bai yi niyya ba. Ga rake an jingine dami-dami a bakin hanya, ga rogo, ga albasa da shu, ga itatuwan dabino sun yi wa kwari rumfa, can ƙasa kuma ga tafkin da ya fito da sunan garin, wanda tun 2019 aka shigar da shi cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Matafiyi ya sauka ya yi ciniki, ya kai wa iyali tsaraba. Ɗan kasuwa ya loda kamyo ya wuce. Masu ɗaukar hoto na ƙungiyoyin raya karkara su zo su ɗauki kore da ruwa, su sa a cikin rahoto. Amma da wuya ka ji wani ya tambaya: hannun wa ya sare raken nan, tun ƙarfe nawa yake tsaye cikin laka, nawa aka ba shi, kuma yaushe aka ba shi?

Wannan tambaya ce ta sa jaridarku ta jingine maganar manyan siyasa a wannan mako, ta juya ga abin da wasu za su ɗauka wasa ne, wato sinima. Mun san za a ce mana ciki da yunwa ba ya kallon fim. Amsarmu ita ce, al'umma takan ƙirga mutanen da ta saba gani ne kawai. Wanda ba ya fitowa a tele, ba ya fitowa a kaset, ba ya fitowa a wayar da ke hannun yaranmu, in ranar rabon haƙƙi ta zo sai a tarar babu wanda ya tuna da shi, ba don mugunta ba ma, sai don ido bai taɓa tsayawa a kansa ba.

Harshenmu da kansa yana tona mana asiri. Abin da Bafaranshe ke kira sandika, da Hausa ƙungiyar ƙwadago muke ce masa. To, wane ne ɗan ƙwadago a wurin Bahaushe? Shi ne wanda ke fita da hauya ko lauje da asuba ya sayar da ƙarfinsa a gonar wani, wanda a wasu yankunanmu ake kira ɗan barema. Yau ka shiga taron kowace babbar ƙungiyar ƙwadago a Yamai: malaman lakwal ne, ma'aikatan asibiti, ƴan duwan, ma'aikatan banki da na ma'adinai. An ari sunan mutum an yi ado da shi, mai sunan kuwa yana waje ko kujera ba a ba shi ba. Haka ma yajin aiki. Asalin yaji na matar aure ne da ta ga ba za ta iya ba, ta ɗauki ƙullinta ta tafi gidansu har sai an yi biko. Za mu komo kan wannan, domin a nan ne zancen Gidimuni yake.

Mu fara da abin da muka kalla. Babu gidan bidiyo a Damagaram da bai taɓa nuna Mother India ba, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, kuma iyayenmu sun kalle shi a sinimar fili tun kafin a haife mu. Kowa ya san labarin: bashin rupi 500 da aka ci don biki, mai ba da rance Sukhilala yana kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona shekara da shekaru, ɗa guda ya fusata ya shiga daji, a ƙarshe uwarsa ta harbe shi da hannunta. Mun yi kuka, mun yaba haƙurin uwa. Sai dai a lura da darasin da aka cusa mana ba mu ankara ba: ƙauye guda cur yana cikin bashin mutum ɗaya, amma ba a taɓa nuna manoman sun zauna sun haɗa baki sun ce daga yau mun daina ba. Wanda ya tayar da kai shi kaɗai ya tayar, kuma ɗan fashi ya zama.

A Amurka an yi fim ɗin da ya fi wannan kusa da gaskiyar ɗan ƙwadago, shi ne The Grapes of Wrath na John Ford, 1940, daga littafin John Steinbeck na 1939. Fari da bashin banki sun kori iyalin Joad daga gonarsu a Okalahoma, suka nufi Kalifoniya saboda wata takardar talla da ta ce ana neman masu tsinkar ƴaƴan itace 800. Da suka isa sai suka tarar an raba takardar ga dubban mutane. A wata gona aka ɗauke su kan santi 5 kowane akwati, suna murna, ba su san cewa an kawo su ne don a karya yajin waɗanda suka riga su ba. Da aka kashe jagoran masu yajin, washegari kuɗin akwati ya koma santi biyu da rabi. A ganinmu wannan lissafi shi ne zuciyar fim ɗin, ya fi duk jawaban da ke cikinsa. Babu ɗan ci-rani a ƙasar nan da zai kalli wurin bai gane ba, ko da ba ya jin kalma ɗaya ta Ingilishi: in hannuwa suka yi yawa a bakin garka, mai garka ba ya buƙatar bulala, yunwar na bayanka ita za ta rage maka kuɗi. Shekarar da damina ta gaza a tudu, mutanen ƙauyukan jigawa suka gangaro kwari neman aiki, ɗan ƙwadagon Gidimuni ya san abin da ke faruwa da jingarsa.

Shekara 74 bayan wancan, a 2014, Diego Luna ya fito da fim ɗin Cesar Chavez a kan yajin masu tsinkar inabi na garin Delano, wanda ya fara a watan Satumba na 1965 bai ƙare ba sai 1970. Yaji ne na gaske, mai nauyi, a ƙasar da dokar ƙwadagonta ta 1935 ta ware ma'aikatan gona ta bar su a waje. An yi tattaki zuwa Sakaramento a 1966, an roƙi mutanen birane su daina sayen inabi har masu gonaki suka sa hannu. Amma waɗanda suka fara ajiye aiki ranar 8 ga Satumba ƴan asalin Filifin ne, ƙarƙashin Larry Itliong, sai bayan kwanaki ƙungiyar Chavez ta bi sahu. A cikin fim ɗin an tura su gefe, kuma zuriyarsu ta yi ƙorafi a fili. Wannan ita ce cutar sinima in ta taɓa maganar yaji: tana son gwarzo ɗaya mai suna, azzalumi ɗaya mai katafariyar gona, da rana ɗaya ta nasara. Tarurrukan dare, gardama kan kuɗin asusu, matar da ta ciyar da gida wata shida babu albashi, wanda ya karaya ya koma aiki a ɓoye, duk sukan faɗi a wurin tacewa.

Wanda ya ɗauko wannan awo ya kawo Gidimuni zai koma hannu wofi, ya ce ai nan babu labari. Ina katafariyar gonar? Ina attajirin da ke da kadada dubu da ƴan sanda a aljihu? Garakan kwari ƙanana ne, yawancinsu gado ne da aka yi ta rabawa har suka zama kamar tabarma. Mai garka da ɗan ƙwadagonsa masallaci ɗaya suke sallah, wataƙila ma surukai ne. Wanda ya ɗauki mutum uku aiki yau, in kuɗin man injin ban ruwa ya ƙare masa, jibi shi ma yana garkar wani da hauya. Sama da su duka kuma akwai mai kuɗin da ya ba da rance tun ana dashe, ya saye amfanin yana tsaye a kan farashin da ya ga dama, don haka in mai garka ya matse ɗan ƙwadago, sau da yawa shi ma a matse yake. Sarƙa ce doguwa, kuma ƙarshenta yana cikin kasuwar Dole da manyan shagunan Damagaram, inda ake karanta wannan jarida.

Ƴan Afirka da suka riƙa kamara sun fi fahimtar haka. Sembène Ousmane, wanda shi kansa ɗan dako ne kuma ɗan sandika a tashar jirgin ruwan Marsai kafin ya zama marubuci, ya nuna a Emitaï, 1971, yadda matan Jola na Kazamans suka ɓoye shinkafa suka ƙi ba sojan Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu: babu shugaba, babu jawabi, shiru ne kawai da taurin kai a cikin rana. Souleymane Cissé na Mali ya ci babbar kyautar Fespako a 1979 da Baara, amma shi ma'aikatan masaƙa ya duba. Wadda ta fi kowa kusantar abin da muke nufi ita ce Safi Faye ta Senegal, da Kaddu Beykat, wato muryar manomi, a 1975. Ta koma ƙauyensu ta zaunar da kamara a gindin itacen hira, ta bar manoma suna lissafin abin da gyaɗa ta yi musu: bashin iri, faɗuwar farashi, ƙasa ta gaji, saurayi ya tafi Dakar neman kuɗin aure ya dawo da labarin wulaƙanci. Ba a harbi kowa ba, ba a ɗaga tuta ba, amma gwamnatin Senegal ta hana nuna fim ɗin. Hukuma ta gane abin da masu neman gwarzo ba su gane ba, cewa manomi yana lissafi da bakinsa a gaban jama'a ya fi tarzoma haɗari.

Mu fa? Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar Fespako a 1972 da Le Wazzou polygame, kuma kafin nan shi ne leburan Tireshbil da ya ba da labarin kansa a Moi, un noir na Jean Rouch, 1958. Mustafa Alasan ya yi wa sabbin masu kuɗi dariya a FVVA. Littafin Abdullahi Mamani, ɗan Sawaba kuma ɗan sandika da Damagaram ta sani, shi Med Hondo ya mayar fim ɗin Sarraounia a 1986. A zamaninmu Sani Magori ya bi manoman albasar Galmi a 2008, ya nuna aure yana jiran farashin buhu. Amina Weira ta duba Arlit da ƙurar yuraniyom a 2016. A'isha Maki ta shiga Kara-Kara a 2021 ta fito da samarin da birnin nan ke tsoro ba tare da ya san su ba. Aiki ne na alfahari. Amma mai karatu ya ƙirga da kansa: lebura a birnin waje, mai gona, ma'aikacin ma'adinai, ɗan unguwa, duk sun sami wanda ya tsaya a kansu. Wanda ke noma gonar da ba tasa ba fa? Finafinan Kano kuwa, da suka cika gidajenmu tun bayan Turmin Danya na 1990, in sun nuna shi to ɗan ƙauye ne abin dariya, ko kuwa matalaucin da zai gano a ƙarshe cewa shi ɗan attajiri ne da aka ɓatar.

Ba don tarihi ya rasa abin ba da labari ba ne. Aikin tilas bai ƙare a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, kuma abin lura, mutumin da dokar ke ɗauke da sunansa, Houphouët-Boigny, ƙungiyar da ya kafa a 1944 ta masu gonaki ce, wato masu ɗaukar ƴan ƙwadago. Dokar aiki ta ƙasashen ƙetare ta zo a watan Disamba na 1952 bayan yaje-yaje. Jibo Bakari daga gwagwarmayar sandika ya fito, kuma Sawaba ta sami ƙarfinta ne daga ƙananan ma'aikata, direbobi, ƴan kamasho, leburori da talakawan ƙasar gyaɗa, har aka haramta ta a 1959. A 1962 aka kafa SONARA da UNCC, gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta riƙe baitulmalin ƙasa shekaru, har fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya ta, manoma suka juya ga wake da hatsi. Sannan ga 1990: ɗaliban da aka kashe a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu, babban yajin USTN na watan Nuwamba, da Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Masu albashi da ɗalibai ne suka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, babu mai ƙwace musu wannan. Amma muryoyin da suka cika zauren nasu ne da na ƴan siyasa. Daga baya manoma sun kafa nasu ƙungiyoyi, irin su Mooriben da FCMN-Niya, sai dai su ma na masu gona ne da masu garka, maganarsu taki, iri, rance da kasuwa. A kowane mataki na wannan tarihi, wanda ba shi da komai sai hannunsa yana tsaye a bayan wani.

To shin ba ya yaji ne? Yana yi, irin na asali. Yakan faru a ce wane ba ya biya kan lokaci, ko abincin ranarsa ruwa-ruwa ne, sai magana ta zaga majalisa da dare, da safe ya fito neman mutane kowa ya ce yana da uzuri. Rake ya isa sara, kamyo yana jira, dole mai garka ya aika dattijo ya yi biko, ya ƙara wani abu a kan jinga. Babu takardar sanarwa, babu sakatare janar, babu wanda zai ce shi ya shirya. In abin ya ƙi gyaruwa sai yaji ya yi nisa: Kano, Legas, Libiya, Aljeriya, ko ramukan zinariyar Jado da suka kwashi samarin yankin nan tun 2014. Masu garka suna kukan cewa yaran yanzu ba sa son aiki. Mu kuwa muna ganin yaji ne mafi tsawo a tarihin ƙasar nan, wanda babu ministan da ya taɓa zama teburin sulhu a kansa, kuma wasu daga cikin masu yin sa a Sahara suka ƙare.

Ga fim nan kwance yana jiran mai ɗauka. Ba ya buƙatar jarumi ko bindiga. Yana buƙatar wanda zai kwana a Gidimuni daga dashe zuwa sara, ya ɗauki cinikin jinga da asuba kalma bayan kalma, ya bi kara ɗaya na rake daga laka zuwa bakin mai sha a Damagaram yana nuna wa ya sami nawa a kowace tasha, ya tsaya kan mata da yaran da ke cira da tsinka, waɗanda in an zo biya ake ce musu ai taimako suka yi. Ya bar mai garka shi ma ya faɗi nasa, da bashinsa, da rairayin da ke cin kwarinsa kowace shekara. Kuma ya tuna cewa shi zai naɗe kayansa ya koma birni, wanda ya yi magana a gaban kamara kuwa gobe zai fita neman aiki a wurin mutumin da ya ambata. Fuskar da ba a nemi yardarta ba kada ta fito.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, mu masu biro da masu shago. Da yawa daga cikinmu sun sayi garka ko gona a kewayen birni, don ritaya ko don ƙarin abin masarufi, kuma babu laifi. Amma ma'aikacin da ya san zafin albashi ya yi wata uku bai zo ba, wanda shi ko mahaifinsa ya ci bashin a-ci-ba-daɗi a shekarun da suka biyo bayan karya darajar sefa ta 1994, wanda ya yi tattaki yana kiran haƙƙi har murya ta dishe, shi ne ranar Lahadi zai ce wa mutumin da ya wuni yana masa huɗa ya dawo ƙarshen wata. Mu ma da muka yi jami'a muka toshe hanya saboda kuɗin bursu ba mu wanke kanmu ba. Dokar aiki ta 2012 tana nan a rubuce, mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa jaka 42 a wata tun farkon 2024, amma wa ya taɓa ganin sufeton aiki ya cire takalmi ya shiga kwari? Kowa ya ɗauki abin da yake ba ɗan ƙwadagonsa a wuni, ya ninka da kwanakin wata, ya gwada da wancan adadi, sannan ya zo mu yi gardama.

Muna kira ga cibiyar sinima ta ƙasa da gidajen tele, na gwamnati da masu zaman kansu, su ware wa irin wannan aiki wuri da kuɗi, a yi shi da Hausa da Barbarci yadda mutanen kwari za su kalli kansu ba tare da tafinta ba. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago, da ke kashe kuɗi kowace ranar 1 ga Mayu wajen ɗinka riguna iri ɗaya, su rage yadi kaɗan su ɗauki nauyin matashi ɗaya mai kamara na tsawon rani ɗaya. Alhazan kasuwa kuma, da ba su taɓa ƙin sa sunansu a ƙarshen fim ɗin soyayya ba, ga dama ta samu ta gwada ko za su yarda a sa shi a ƙarshen fim ɗin da zai nuna littafin rancensu. In an gama, a fara nuna shi a filin kasuwar Gidimuni da dare, masu garka a gaba, ƴan ƙwadago a gefensu, kafin a kai shi Wagadugu.